Ina taimakon mutane don tsoro, maigidana kuma ya ce bangaskiya kaɗai ta isa

Wata ƴar'uwa daga Damagaram, malamar makaranta, ta rubuto mana. Ga taƙaicen abin da ta ce:

"Ni Kirista ce, ina cikin zumuntar mata ta majami'armu a nan Zinder. Duk wanda ya zo ƙofata da buƙata ba na iya cewa babu, don ina tsoron ranar da Yesu zai ce ya ji yunwa ban ba shi abinci ba. Na kwashi adashi ya ƙare a hannun mutane, ga bashin jika 70 (sefa 70,000) a kaina wanda maigidana bai sani ba. Shi kuma cewa yake ceto ta wurin bangaskiya ne kaɗai, ayyuka ba su ƙara kome. Maƙwabciyarmu gwauruwa ce mai ƴaƴa huɗu, bai taɓa ba ta ko tiya guda ba. Kullum cikin gardama muke. Da dare ba na barci, ina lissafin waɗanda na hana. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Nawa ne kuma zai isa?"

Ƴar'uwa, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Sannu da wannan nauyi.

Bari mu fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ke hana ki barci. Idan nufinki nawa ne zai isa Allah ya karɓe ki, to babu adadin da zai isa, ko da albashinki na shekara goma kika raba wa mutane. An kuma riga an biya, ba daga aljihunki ba. Ki buɗe Afisawa 2:8-10 ki karanta da ƙarfi, sannu a hankali. Aya ta 8 da ta 9 suna cewa ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, baiwar Allah ce, ba saboda ayyuka ba, don kada wani ya yi fahariya. Nan maigidanki yake tsayawa. Aya ta 10 ta ci gaba da cewa mu aikin hannun Allah ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya shirya mu yi. Ke kuma nan kike farawa, kina tsallake biyun farko. Ayoyi uku ne a jere daga alƙalami ɗaya, kun raba su tsakaninku kuna faɗa a kai.

Abin da muka gani a wasiƙarki shi ne ku biyu kuskure iri ɗaya kuke yi. Dukanku kun ɗauki aikin kirki a matsayin kuɗin sayen ceto. Ke kina ta biya cikin fargaba kada ya kasa. Shi ya ji an ce ba a biya, sai ya naɗe hannu. Alhali aikin kirki bai taɓa zama farashi ba. Itacen mangwaro yana ƴaƴa don yana da rai, saiwarsa na shan ruwa. Wanda ya ɗaura ƴaƴan mangwaro da zare a jikin busasshen itace bai ba shi rai ba, wanda kuma itacensa ya shekara biyar ko fure babu ya kamata ya duba saiwar. Yesu ya faɗi haka a Yohanna 15:5: wanda yake zaune a cikinsa shi ke ba da ƴaƴa da yawa, in ba tare da shi ba kuwa ba ma iya yin kome.

Mun san maigida zai kawo Romawa 3:28, inda Bulus ya ce mutum yana samun karɓuwa ga Allah ta wurin bangaskiya ba tare da ayyukan Shari'a ba. Ke kuma za ki kawo Yaƙub 2:24, inda aka ce ta wurin ayyuka ne, ba ta bangaskiya kaɗai ba. Kada ku mai da manzannin nan abokan gaba. Tambaya daban-daban suke amsawa. Bulus yana fama da mutanen da suke cewa sai an yi kaciya an kiyaye Shari'ar Musa kafin Allah ya karɓi mutum. Yaƙub yana fama da mutanen da ke cewa sun ba da gaskiya, amma ɗan'uwa ko ƴar'uwa su zo ba tufa ba abinci, su sallame su da "ku sauka lafiya, Allah ya ƙosar da ku" ba tare da sun ba su kome ba (2:15-16). Irin wannan bangaskiya ta fatar baki, in ji Yaƙub, aljanu ma suna da ita, har suna rawar jiki (2:19).

Dukansu biyu da Ibrahim suka kafa hujja, kuma a nan ne abin yake warwarewa. Bulus ya ɗauko Farawa 15:6, inda Ibrahim ya gaskata alkawarin Allah aka lasafta masa adalci. A lokacin ko Isma'ilu ba a haifa ba. An haifi Isma'ilu Ibrahim yana da shekara 86, ya yi kaciya yana da 99, aka haifi Ishaku yana da 100. Yaƙub kuwa ya ɗauko Farawa 22, lokacin da Ishaku ya riga ya girma har yana iya ɗaukar itacen hadaya ya hau dutse da shi. Ki lissafa da kanki tazarar shekarun da ke tsakani. Allah ya karɓi Ibrahim tun bai yi kome ba sai gaskatawa. Shekaru da yawa bayan haka, hawan dutsen nan ya nuna a fili cewa gaskatawar ta gaske ce. Bulus ɗin da maigidanki yake so shi ne ya rubuta a Galatiyawa 5:6 cewa abin da ke da amfani shi ne bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna. Shi ne kuma a Titus sura 3 ya ce ba don ayyukanmu aka cece mu ba (aya 5), sannan a aya ta 8 ya ce waɗanda suka gaskata su himmantu ga kyawawan ayyuka.

Gardamar nan ta daɗe a cikin ikilisiya. Tana cikin manyan abubuwan da suka raba Martin Luther da Roma bayan 1517, majalisar Katolika ta Trent kuma ta fitar da matsayinta a kai a 1547. Har yau akwai bambanci na gaske tsakanin Katolika da ƴan bishara a kan yadda ake bayanin lada da tabbacin ceto. Amma a 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu a kan cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin gaskatawa da aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu ya ba mu Ruhu Mai Tsarki wanda ke sabunta zuciya yana kiranmu ga kyawawan ayyuka. Mun kawo wannan ne don ki sani, ko wace majami'a mutum yake zuwa a Zinder, babu wadda koyarwarta ta gaskiya ta goyi bayan tsoronki, babu kuma wadda ta goyi bayan naɗe hannun maigida.

Yanzu ga Matiyu 25:31-46, wurin da ke firgita ki. Ki lura da abu biyu da tsoro ya rufe miki ido a kai. Na farko, Sarkin ya ce wa na hannun dama su zo su gāji mulkin da aka shirya musu tun kafa duniya. Gādo ake ba ɗa don shi ɗa ne, ba don ya yi ƙwadago ba. Na biyu, mutanen nan mamaki suka yi, suna tambaya yaushe suka gan shi da yunwa suka ciyar da shi. Ba su riƙe littafin lissafi ba. Ke kuwa kina kwana kina lissafi. Na hannun hagu kuma ba waɗanda suka taimaki mutum tara suka gaza a kan na goma ba ne. Mutane ne da suka ga mai yunwa da marar lafiya da ɗan kurkuku, abin bai taɓa motsa su ba. Macen da ta ci bashin jika 70 don tausayi ba ita ake kwatantawa a wurin ba.

Akwai lada a koyarwar Kirista, kada wani ya ce miki babu. Yesu ya ce Uban da ke gani a ɓoye zai sāka (Matiyu 6:4), Bulus kuma ya ce za a gwada aikin kowa da wuta, wanda aikinsa ya ƙone zai yi hasara amma shi kansa zai tsira (1 Korintiyawa 3:11-15). Ki ga yadda aka raba lada da ceto a wurin. A garin da kusan kowa Musulmi ne, kalmar lada tana bakin mutane safe da yamma, mu ma da ita muka tashi. Ba laifi ba ne. Sai dai ki san inda bangaskiyarki ta ajiye ta: bayan ceto, a matsayin kyautar Uba ga ƴarsa. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu hannuwansa a kafe suke, ba damar sadaka ko guda, aka ce masa yau zai kasance a Firdausi (Luka 23:43).

To, mu sauko kan kuɗi, domin a nan ne gidanki yake ciwo.

Abu na farko, kuma mafi wuya: ki gaya wa maigidanki maganar bashin nan cikin makon nan. Kada ki jira mai bashi ta yi sallama a ƙofar gida yana zaune. Ki rubuta a takarda wa da wa ke binki, nawa nawa, yaushe aka yi alkawarin biya. Ki zaɓi lokacin da yara suka kwanta, ba bayan gardama ba, ki fara da neman gafara a kan ɓoyewar, kada ki haɗa da zancen rowarsa a zama ɗaya. In kin haɗa su, zai ji kamar kina kare kanki ne, maganar kuma ta koma inda ta saba komawa. Yana da gaskiya in ya yi fushi a kan wannan. Taimakon da aka yi da kuɗin wani, a ɓoye wa abokin zama, ba shi ne abin da Allah ya nema gare ki ba. Zabura 37:21 ta haɗa cin bashi ba biya da mugunta, Romawa 13:8 kuma ta ce kada hakkin kowa ya zauna a kanmu sai na ƙauna. Matar da ta ranta miki ita ma maƙwabciya ce, biyanta aikin kirki ne cikakke.

Na biyu, ki yanke adadi. Bulus bai ce wa Korintiyawa su ba da duk abin da aka roƙe su ba. Ya ce kowa ya keɓe wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa (1 Korintiyawa 16:2), ya ce ana karɓar baiko bisa ga abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba, kuma ba nufinsa ba ne waɗansu su huta ku ku shiga ƙunci (2 Korintiyawa 8:12-13). A ce abin da ke shigowa hannunki a wata jika 100 ne. Ki fitar da abin da kika saba kai wa majami'a, ki fitar da rabonki na cefane da ruwa da wuta da makarantar yara, ki sa jika 10 ta biyan bashi, wadda za ta share jika 70 cikin wata 7. Sannan ki ware kuɗin taimako, ko jika 3 ne ko 5, a ambulan daban tun ranar da albashi ya shigo. Idan ya ƙare a ranar 12 ga wata, ya ƙare sai wata mai zuwa. Bayan bashin ya fita sai ki ƙara. Kada ki taɓa zubin adashi don taimako, kada kuma ki tsaya wa kowa lamuni a wurin mai shago. Karin Magana 22:26-27 ta yi kashedi cewa haka ake ɗauke wa mutum gadon da yake kwance a kai.

Za ki ce, gwauruwar da ta zuba anini biyu, duk abin da take da shi, fa? Nata ta ba da, ba na rance ba, ba kuma abincin ƴaƴan wani ba. Yesu ɗin da ya yabe ta shi ne ya tsauta wa masu cewa dukiyarsu ta Allah ce don su guje wa kula da iyayensu (Markus 7:9-13). Littafi ya jera hakkoki: gidanka da iyayenka tukuna (1 Timoti 5:4, 8), sannan kowa da kowa gwargwadon dama, musamman ƴan'uwa masu bi (Galatiyawa 6:10). Ki lura da "kowa da kowa". Maƙwabcinki Musulmi yana ciki.

A nan muna so mu taɓa wani abu da ba a cika faɗa a fili ba. Tun bayan ƙone majami'u da aka yi a Zinder a 16 ga Janairu 2015, akwai masu bi da ke kyautata wa unguwa da wata ɓoyayyar niyya, wato su sayi zaman lafiya, ko kuma su jawo mutum ya tuba. Mun fahimci inda tsoron ya fito. Amma mutane suna gane alherin da aka ɗaura wa igiya, kuma suna raina shi. Ki ba maƙwabciya don tana jin yunwa kuma Allah ya halicce ta, ko ta taɓa tako majami'a ko ba ta taɓa ba.

Na uku, ƙaramin kuɗi yana yin aiki mai yawa in an san lokacinsa. Roƙo ya fi yawa daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro ya kama yara, sai kuma Oktoba da komawa makaranta. Idan kika jira lokacin kika sayi tiya-tiya a kasuwar Dole, a farashi mafi tsada za ki saya. Ki tara kuɗin ambulan na ƴan watanni, ko ku haɗa hannu ku uku ko huɗu a zumuntar mata, ku sayi buhun hatsi da kaka. Buhu mai kilo 100 yana ba da kusan tiya 40. Tiya biyu kowane mako ga gida ɗaya, buhun zai kai mako 20, wato ya rufe dukan watannin wahala. Ku tabbata hatsin ya bushe sarai, ku ɗora buhun a kan katako nesa da bango don laima da gara, ku riƙa dubawa saboda ƙwari da ɓera. Wannan ya fi wa gwauruwar nan amfani nesa ba kusa ba a kan ɗari biyar yau, babu gobe.

Maganar rashin lafiya kuwa, in an kawo miki takardar magani, ki je kantin magani ki biya da kanki ko ki aiki wanda kika yarda da shi. Kuɗin da aka damƙa a hannu a gidan da ake yunwa sau da yawa tukunya yake shiga, ba don mutanen maƙaryata ba ne, sai don cikin yara ya fi kusa, maganin kuma ba a saya ba. Wanda ya ce ki ranta masa, in kin san ba zai iya biya ba, ki ba shi kaɗan kyauta ki faɗa masa kyauta ce. Rancen da ba a biya ba yana kashe gaisuwa, ya bar ki da ƙullaci. Mai ƙarfi da lafiya da ya mai da ƙofarki wurin karɓar albashi, ki nema masa aiki ko ɗan jari sau ɗaya, in ya ƙi, 2 Tasalonikawa 3:10 ta ba ki izinin rufe hannu. Buƙatar da ta fi ƙarfinki, kamar tiyata ko kuɗin hayar wata shida, ki kai ta gaban dattawan ikilisiya. Tun a Ayyukan Manzanni sura 6 aka zaɓi mutum bakwai musamman don rabon abincin gwauraye, saboda manzanni ba za su iya haɗa aikin da wa'azin Maganar Allah ba. Kuma ba kowane taimako ne kuɗi ba. Ke malama ce: awa ɗaya ranar Asabar kina koya wa ƴaƴan gwauruwar karatu da lissafi abu ne da ba kowa a unguwar zai iya ba su ba.

Game da maigida, ki bar jifansa da ayoyi, ki kuma bar yanke hukunci a zuciyarki cewa ba shi da ceto. Wannan ba hurumin ki ba ne. Mai yiwuwa rabin rowarsa martani ne ga hannunki da ba ya rufuwa: yana ganin in shi ma ya buɗe, gidan zai rushe. In ya ga takarda da adadi da iyaka, ƙila ya sassauta. Bayan kwana biyu da maganar bashi, ki roƙe shi ku karanta Afisawa 2:8-10 tare, ki ce masa kin yarda da 8 da 9 da zuciya ɗaya, kina so ku duba ta 10. Sannan ki roƙe shi abu guda takamaimai, ba "ka riƙa taimako" ba. Ya duba rufin ɗakin gwauruwar kafin ruwan farko, ko ya biya mata ɗan garuwa sau ɗaya a mako a watannin zafi da famfo ke ɗaukewa, ko ya kai yaronta asibiti a babur ɗinsa. Maza da yawa da ke ƙin ba da kuɗi ba sa ƙin aikin hannu. Idan yana son tarihi, ki tuna masa cewa mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) da ya fara aiki a Zinder a 1924 yana wa'azin ceto ta wurin bangaskiya, shi ne ya buɗe asibitin Galmi a 1950. In wata biyu suka wuce yana nan a kan bakansa cewa mai bi ba ruwansa da yunwar maƙwabci, ku je wurin fasto ko wani dattijo da yake girmamawa, ku biyu tare, da saninsa. Kada ki kai ƙararsa a bayan idonsa, kada kuma zancen ya zama abin addu'a a taron mata.

Saura daren da ba ki barci. Idan lissafin ya taso, ki tambayi kanki ko akwai wani takamaiman mutum da kika hana alhali kina da hali kuma hakkinsa ne a kanki. In akwai, ki furta wa Allah, 1 Yohanna 1:9 ta ce zai gafarta, gobe ki gyara. In babu, zargi ne kawai marar suna, ki amsa masa da Romawa 8:1, cewa babu hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu, ki kwanta. Idan bayan kin daidaita kuɗin da maganar gida rashin barcin da faɗuwar gaban suka ci gaba har makonni, ki gaya wa matar fasto ko wata babbar mace da kika amince da ita, ki kuma ga likita, domin damuwa tana zama ciwo mai buƙatar magani.

Mutanen da suka saba da hannunki za su ji zafi a watan farko, waɗansu har su ce kin canza. Ki shirya amsarki tun yanzu, gajeriya kuma gaskiya: "Wallahi" ba sai kin ce ba, ki ce kawai, "Abin da na ware na wannan wata ya ƙare, ki dawo ranar 5 ga wata mu gani." Kada ki ce babu alhali akwai, kada kuma ki yi alkawarin da ambulan ɗin ba zai iya cikawa ba.